Jirgin Sama a Tafin Hannu

In kaka ta yi, aka girbe dawa da gero, kara yakan yi yawa a gona da bakin gida. A lokacin nan yara ba su rasa abin yi. Ko a Anka, ko a Gummi, ko a Bukkuyum, wanda ya bi ta gindin itace da hantsi zai tarar da su sun duƙufa. Wannan yana ɓare kara, wancan yana yanka totuwa. Kafin azahar sun haɗa mota, ko keke, ko jirgin sama. Mu manya mukan wuce mu ce wasan yara ne. Wani uban ma yakan kore su, ya ce su tashi su bar ɓata lokaci.

To, a waɗansu ƙasashe ba yara kaɗai ke irin wannan aiki ba. Akwai magidanta, har da masu furfura, waɗanda in sun taso daga aiki sai su zauna su haɗa ƙananan jiragen sama. Ba don sayarwa suke yi ba, don sha'awa ne. Jiragen da suka fi so su kwaikwaya su ne na Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu ke kira Yaƙin Hitila, wanda aka yi daga 1939 zuwa 1945. A wannan darasi za mu ga yadda ake aikin, da inda ya samo asali, da abin da zai ƙara mana a karatu da lissafi.

Abin Wasa da Abin Kwaikwayo

Da farko sai mu rarrabe abu biyu. Jirgin da yaro ya haɗa da ka, ba awo, abin wasa ne. In fiffike ɗaya ya fi ɗaya tsawo ba wanda zai damu. Amma jirgin kwaikwayo dabam yake. Shi ana ɗaukar wani jirgi na gaske ne, mai suna, wanda aka san tsawonsa da faɗinsa, a rage shi. Sharaɗin kuwa ɗaya ne: yadda aka rage fiffike, haka za a rage wutsiya, haka za a rage taya, haka za a rage farfela. Ba a rage wani wuri da yawa, wani wuri kaɗan.

Ga misali. A ce mutum yana so ya dama fura rabin wadda ya saba. Zai rage fura rabi, nono rabi, ruwa rabi. In ya rage fura kaɗai ya bar ruwa yadda yake, ai sai ta tsinke. Haka abin yake a nan. Wannan ragi na bai ɗaya shi muke kira ma'aunin ragi. Shi ne kan maganar duka. Wanda ya gane shi ya gane darasin.

Inci Ɗaya, Ƙafa Shida

Ma'aunin da aka fi aiki da shi ana rubuta shi haka, 1:72. Ana karanta shi, ɗaya cikin saba'in da biyu. Ma'anarsa, inci 1 a jikin ƙaramin jirgi yana madadin inci 72 a jikin babban.

Me ya sa aka zaɓi 72? Ku tuna inci 12 ke yin ƙafa 1. In muka raba 72 gida 12 za mu sami 6. Ashe inci 72 ƙafa 6 ke nan, watau tsawon dogon mutum. Saboda haka dogon mutum, in aka rage shi da wannan ma'auni, zai koma inci 1, kamar gaɓar babban yatsa. Lissafin ya yi sauƙi ke nan: kowace ƙafa 6 ta zama inci 1.

Bari mu gwada da jirage uku na wancan yaƙi.

Akwai jirgi mai suna Hurricane. Daga ƙarshen fiffikensa na dama zuwa ƙarshen na hagu ƙafa 40 ne. Mu raba 40 gida 6. Mun sami 6, saura 4. Ƙaraminsa zai zama inci 6 da kashi biyu cikin uku. Bai kai taƙi ɗaya na babban mutum ba.

Akwai Spitfire. Faɗin fukafukansa ƙafa 36 da inci 10 ne. Ƙaraminsa zai ɗara inci 6 da kaɗan.

Akwai kuma Dakota, jirgin ɗaukar kaya da soja. Nasa faɗin ƙafa 95 ne. Ƙaraminsa zai kusa inci 16.

Ku lura da wani abu. In aka jera ƙananan nan uku a kan tabarma, Dakota zai ninka Hurricane sau biyu da ɗoriya. Haka kuma suke a filin jirgi. Mutumin da bai taɓa ganin ko ɗaya ba zai san wanda ya fi wani girma, da yadda ya fi shi. Amfanin yin su duka da ma'auni ɗaya ke nan.

Asalin Wannan Aiki

A Ingila aka fara sayar da kayan haɗin jirage masu ma'aunin 1:72, a 1932. Sunansu Skybirds, na katako ne, mai saye shi zai ƙarasa sassaƙa su. A 1936 wani kamfani mai suna Frog ya fito da na roba, waɗanda an riga an zuba su, sai haɗi kawai.

Da yaƙi ya tashi sai aikin ya wuce sha'awa. Sojan da ke riƙe da bindigar harbo jirgi dole ne ya gane jirgin da ke tafe tun yana nesa: nasu ne ko na abokan gaba? In ya yi kuskure zai harbi ɗan'uwansa. Saboda haka a 1942 hukumar Amurka ta roƙi 'yan makaranta su sassaƙa ƙananan jirage 500,000 da katako, duka a ma'aunin 1:72, a shafa musu baƙin fenti. Da su aka koyar da soja. In aka rataye ƙaramin jirgi, soja ya tsaya nesa da shi ƙafa 35, daidai yake da ya hangi babban daga kusan rabin mil. Ku ninka 35 sau 72 ku gani: ƙafa 2,520 ne, rabin mil kuwa ƙafa 2,640 ne. Kun ga aikin hannun yara ya yi rana.

Bayan yaƙi, a shekarun 1950, kamfanin Airfix na Ingila ya shiga yin jiragen roba masu araha. Spitfire ne jirginsa na fari. Daga nan abin ya bazu duniya. Har yau ana yin su a Ingila da Jamus da Japan da Sin da sauran wurare.

Jiragen da Suka Bi ta Kano

Wani zai ce, ina ruwanmu da jiragen Turawa? To, ga labarin.

Jirgin sama ya fara sauka Kano ran 1 ga Nuwamba 1925, zamanin Sarkin Kano Usman. Jirage uku ne na sojan Ingila, sun taso daga Masar. A 1936 aka fara zirga-zirgar jiragen wasiƙu da fasinja ta Kano.

A watan Yuni 1940 Italiya ta shiga yaƙi a gefen Jamus, Faransa kuma ta faɗi. Ingila tana da soja a Masar, suna bukatar jirage. Amma Bahar Rum ta zama wurin haɗari ga jiragen ruwanta. In kuma an ce a kewayo ta ƙasan Afirka, tafiyar ta yi tsawo ainun. Sai aka yi dabara. A can Ingila a zuba jirgi cikin manyan akwatuna, gangar jiki dabam, fukafukai dabam. A ɗora su a jirgin ruwa zuwa Takoradi, a bakin teku, cikin ƙasar da yanzu ake kira Gana. A can makanikai su buɗe akwatuna, su ɗaura fukafukai, su sa farfela, su gwada inji. Ashe manyan jiragen ma kayan haɗi ne suka zo, kamar ƙananan da muke magana.

Daga Takoradi sai su tashi a ayari. Kun san fataken goro na Gwanja a zamanin da, yadda suke da madugu da jagaba, suna tafe zango zango. Haka jiragen nan suka yi. Wani jirgi mai inji biyu, mai suna Blenheim, shi ke gaba, don yana ɗauke da masanin hanya. Ƙananan irin su Hurricane suna biye. Zangunansu su ne Ikko, da Kano, da Maiduguri, da Fort Lamy wadda yanzu ake kira Njamena a Cadi, da Aljunaina, da Alfashir, da Hartum a Sudan, kāna su bi Kogin Nilu har Alƙahira. Tafiyar ta kusa mil 3,700, takan ci kamar mako ɗaya. Ayari na fari ya tashi a Satumba 1940, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero. Kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya.

Har wa yau, mutanen Nijeriya sun tara kuɗi don sayen jiragen yaƙi. Saboda haka aka sa wa wata rundunar jiragen Spitfire, mai lamba 91, sunan Nijeriya. Harufan da ke jikin jiragenta su ne D da L. Sojojinmu kuma da aka kai Bama, cikinsu har da 'yan Arewa masu yawa, sun san Dakota sarai. A 1944 waɗansunsu sun shiga dajin da ba hanyar mota, a kwarin Kogin Kaladan. Dakota ne ke jefo musu abinci da magani da harsashi daga sama. Don haka in mun kwaikwayi waɗannan jirage, wani yanki ne na labarin ƙasarmu muke riƙe a hannu.

Yadda Ake Haɗa na Kwali

Jirgin roba yana zuwa cikin kwali. In ka buɗe za ka tarar da abu uku. Na ɗaya, gutsattsarin jirgin, a manne da wani firam na roba kamar 'ya'yan itace a reshe, kowanne da lambarsa. Na biyu, takardar bayani mai hotuna. Na uku, 'yar takarda mai ɗauke da tambura da harufa.

Ga yadda ake bi.

1. Karanta takardar bayani daga farko har ƙarshe kafin ka taɓa kome. Nan ne karatu ke biyan mai shi.

2. Kada ka cire gutsattsarin duka gaba ɗaya. Lambar tana jikin firam ne. In ka cire su ka tara, ba za ka ƙara gane wanne ne 14 wanne ne 41 ba.

3. Yanke kowane yanki da reza, kada ka murɗe shi da hannu. Goge bakin da samfefa mai laushi.

4. Gwada yanki biyu ba tare da gam ba, ka ga sun zauna daidai. Sa'an nan ka sa gam.

5. Gam kaɗan ya isa. Irin wannan gam yana narka fuskar roba ne, ta haɗe. In ya yi yawa zai ci jikin jirgin. A ɗiba da bakin tsinke.

6. Fara da ciki, watau mazaunin matuƙi. In ka rufe gangar jiki ba ka ƙara samun hanyar shiga.

7. Ɗaure da zare ko kyauro, ka bar shi ya kwana. Gobe a ci gaba.

8. Bayan fenti ya bushe, yanko tambari, tsoma shi a ruwa kaɗan, zai saɓule daga takarda. Zame shi a hankali zuwa wurinsa.

Sau da yawa akan sami ɗan mutum-mutumin matuƙi a cikin kwalin. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da siffar mai rai ba sai ya bar shi, ya rufe gilashi a kan kujera. Jirgin bai ragu da kome ba.

In Ba Kwali, Ga Kara

Waɗannan kwalaye ba a cika samunsu a kasuwanninmu ba. Daga waje ake kawo su, ga tsada. Amma kada wannan ya karya mana gwiwa. Abin da ke mai da aikin na kwaikwayo ba roba ba ce, awo ne. Kara da muke da shi ya isa.

Kayan aiki su ne: busasshen karan dawa mai kauri, tsohon kwali, reza, ƙayar aduwa ko tsinke, ƙaro da aka jiƙa, fensir, takarda, da rula. In ba rula, a aro tef wajen tela. Gefe ɗaya inci ne, gefe ɗaya santimita.

Da kara, ma'aunin 1:72 ya yi ƙanƙanta. Gara mu ɗauki wani wanda masu wannan aiki su ma suna amfani da shi, watau 1:48. A nan inci 1 yana madadin ƙafa 4, don 48 a raba gida 12 ya ba da 4. Bari mu yi Hurricane.

Faɗin fukafukai ƙafa 40. A raba gida 4, inci 10.

Tsawon gangar jiki, daga hanci zuwa wutsiya, kamar ƙafa 32. A raba gida 4, inci 8.

Farfela, daga baki zuwa baki in tana juyawa, kamar ƙafa 11. A raba gida 4, inci 3 ba kwata.

Yanzu sai zane. Nemi hoton jirgin guda biyu, ɗaya an ɗauke shi daga sama, ɗaya daga gefe. Ana samu a littafi, ko wani mai babbar waya ya nemo maka ka kwafa. Ja layuka a kan hoton da aka ɗauka daga sama, tsaye da kwance, su zama gidaje kamar na dara. Ka yi yadda faɗin fukafukai zai ci gida 10 daidai. Sa'an nan a kan farar takarda ja naka gidajen, kowane gida inci 1. Abin da ka gani a gida na fari na hoton, zana shi a gida na fari na takardarka. Haka za ka bi gida gida har ka gama. Ko wanda bai iya zane ba zai fitar da siffar daidai ta wannan hanya.

Yanke siffar fiffiken, ɗora ta a kan kwali, zagaye da fensir, yanke. Yi biyu ko uku, ka manne su da ƙaro, don fiffiken Hurricane mai kauri ne. Ga gangar jiki kuwa, ɓare kara ka fitar da totuwa. Haɗa guda uku ko huɗu, ka soke su da ƙaya, ka shafa ƙaro. In sun bushe ka fere su da reza kaɗan kaɗan, kana gwadawa da zanen gefe. Hanci ya yi tsini, bayan mazaunin matuƙi ya yi ɗan tozo, sa'an nan ya sirance zuwa wutsiya. Ɓawon karan da ka ɓare kada ka yar. Da shi za ka yi farfela mai ganye uku da ƙafafun taya. Wanda ya iya sassaƙa yana iya yin gangar jikin da icen rimi, don ba shi da tauri. Icen da Turawa ke amfani da shi, mai suna balsa, ɗan'uwan rimi ne.

Kada wani ya rena jirgin kara da kwali. Shi kansa Hurricane na gaske, bayansa ƙarafa ne sirara da katako, aka lulluɓe da yadi aka shafe. Shi ya sa in harsashi ya huda shi ake saurin yi masa faci.

Bayan an manna fukafukai, ɗaga jirgin daidai idonka, ka dube shi ta hanci. Fiffiken dama da na hagu su tashi daidai da juna. Auna daga hanci zuwa ƙarshen kowane fiffike da zare. In zaren ya zo ɗaya, aiki ya yi. In bai zo ɗaya ba, gyara tun ƙaro bai bushe ba.

Ga alamu biyu na rarrabe Hurricane da Spitfire, don kada a yi wa wani kamar wani. Fiffiken Spitfire siriri ne, bakinsa a lanƙwashe kamar ganye. Na Hurricane ya fi miƙewa. Kuma ƙafafun Hurricane a buɗe suke, suna naɗewa zuwa ciki. Na Spitfire a matse suke, suna naɗewa zuwa waje.

Launi

Jiragen da suka yi yaƙi a hamadar Masar da Libiya an shafa musu launin rairayi da launin ƙasa mai duhu a sama, don su saje da ƙasa. Cikinsu kuwa shuɗi ne mai haske, don su saje da sararin sama. Tambarin sojan saman Ingila da'ira ce: ja a tsakiya, fari, sa'an nan shuɗi. Waɗanda aka aiko ƙasashen zafi an ƙara musu wani abu kamar maƙoƙo a ƙarƙashin hanci. Matacin iska ne, don kada ƙura ta shiga inji ta cinye shi. Mu da muka san hazo da ƙurar hunturu ba sai an yi mana dogon bayani ba. Wanda ke yin Hurricane na hanyar Kano ya manna masa 'yar totuwa a wurin.

Launi ba sai an saya ba. Jar ƙasa, da farar ƙasa, da shuni, da garin gawayi sun isa. A niƙa su lilis, a dama da ruwan ƙaro, yadda malamai ke haɗa tawada. A shafa da gashin kaza. Shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri.

Gargaɗi Game da Dalma

A nan sai mu tsaya mu yi magana da babbar murya, don ta shafi rai. Ba mu manta da 2010 ba. A shekarar nan gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙasar nan tamu, a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Bagega a ƙasar Anka, da 'Yargalma a ƙasar Bukkuyum. Dalilin kuwa, duwatsun zinariya da ake dakawa ana niƙawa a cikin gida suna ɗauke da dalma. Ƙurar ta bi ƙasa, yara suka sa hannu a baki. Dalma ba ta da wari, ba a ganinta a ƙura. Wanda ba ta kashe ba tana iya taɓa masa ƙwaƙwalwa.

Saboda haka mai wannan aiki ya kiyaye abu biyar.

1. Kada a ɗebo ƙasar launi daga bakin ramin haƙar zinariya, ko inda ake niƙa dutse, ko inda ake wanke shi, kome kyawun launinta.

2. Kada a fasa tsohon batir don a sami dalma. A waɗansu ƙasashe masu haɗa jirage sukan sa 'yar dalma a hancin jirgi don nauyi. Hurricane da Spitfire da Dakota duk a kan wutsiya suke zama, ba su bukatar nauyi. In wani jirgin ya bukata, tsakuwa ko ƙusa ta isa.

3. A guji ragowar fentin mai wanda ba a san asalinsa ba. Waɗansu suna da dalma.

4. Kada a lashi gashin shafi ko buroshi don a daidaita bakinsa. A wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci.

5. Gam na kanti a yi aiki da shi a waje inda iska ke bugawa, nesa da wuta. Reza da ƙananan gutsattsari a ɗauke su daga inda mai rarrafe zai kai.

Ina Amfaninsa?

Ƙananan jiragen nan ba su tashi, ajiye su ake yi ana kallo. Kuma ba don son yaƙi ake yin su ba. Mu a Zamfara mun ji ƙugin jirgin yaƙi da kunnenmu a shekarun nan na tashin hankali, mun san ba abin marmari ba ne. Abin da muke nema a ciki shi ne ilmin da ke bayan aikin.

Ku duba. Wanda ya gane inci 1 yana iya tsayawa madadin ƙafa 6, ya gane zanen gini. Ɗaki mai ƙafa 12 kowane gefe zai zama inci 2 a takarda. Zai iya zana gidansa tun bai sa tubali ko ɗaya ba, ya ga inda rumbu zai zauna, da inda za a haƙa masai nesa da rijiya. In magini ya kawo masa takarda ba zai tsaya yana kallonta kamar baƙo ba.

Ya kuma gane taswira. In ya ga an rubuta 1:100,000 a gindinta, ya san santimita 1 yana madadin kilomita 1. Zai aza rula ya faɗi nisan gari da gari. In ma'aikatan safiyo suka auna gonarsa suka ba shi takarda, zai duba da kansa ya ga ko iyakar da aka zana ita ce iyakar da ya gada. Gardamar gona nawa ce ta kai gaban alƙali don mai ita bai iya duba takarda ba?

Tela da kafinta da maƙeri da mai walda duk da wannan lissafi suke ci. Yaron da ya saba auna sau biyu kafin ya yanka sau ɗaya, duk sana'ar da aka kai shi zai yi wa maigidansa daɗin koyarwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka, 'yan'uwa, in kaka ta zo kuka ga yaro yana fama da kara, kada ku kore shi. Ku zauna kusa da shi. Ku tambaye shi, wane jirgi ne wannan? Ƙafa nawa ne fiffikensa? Ku miƙa masa rula, ku yi rabawar tare. Shi yana da hannu, ku kuna da lissafin da kuka koya a aji. Kowane aji kuma yana iya yin jirgi ɗaya, a kawo ran taron ba da takardun shaida, a jera, a auna a ga na wa ya fi bin ma'auni.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin jirgin wasa da jirgin kwaikwayo?

2. A ma'aunin 1:72, inci 1 yana madadin ƙafa nawa?

3. Faɗin fukafukan Blenheim ya ɗara ƙafa 56 da kaɗan. A ma'aunin 1:48, inci nawa ƙaraminsa zai zama?

4. Faɗi zango uku na jiragen da suka tashi daga Takoradi zuwa Alƙahira.

5. Daga waɗanne wurare ne ba a ɗebo ƙasar launi? Don me?

6. Auna ɗakin da kake kwana. Zana shi a takarda, inci 1 madadin ƙafa 4. Kawo wa malamin aji ya duba.